Ƙwallo Biyu da Guntun Rake

Ranar da na ci 'yan Bakura ƙwallo biyu, ban ko wanke ƙafa ba na yi gida a guje don Baba ya ji. Garba, ɗan ƙanen Baba, yana biye da ni a hankali. Shi ke buga mana tsakiya.

Muka iske Baba a ƙofar gida yana feren rake, Kawu Sale na Maradun ya tasa shi da gardama: wane ɗan wasa ne ba a taɓa yin kamarsa ba? Kawu ya kawo na Birazil, ya kawo na Ajantina, har da wani dogo mai ƙwallon kwando.

Na kutsa kai na ce, "Baba, biyu na ci yau!"

Ya ce, "Na gani, ina can bakin fili, kafin a tashi na dawo." Sai ya juya wurin Kawu. "Waɗanga naka a talabijin ka san su. Ni Garba na sani. In yana fili, ko raggon yaro sai ya ci ƙwallo."

Ya miƙa wa Garba guntun raken da ya fere.

Ƙwallayen nan duka biyun Garba ne ya ɗora mini su a ƙafa, kuma Baba ya gani.

Yanzu Garba albasa yake sayarwa a kasuwar Mafara, ya yi tumbi, gudu ma ba ya iyawa. Muna zumunci lafiya lau. Amma bara da ya aiko wa yarana damin rake, ko gaɓa ɗaya ban sha ba.