Hoton da Aka Manna a Tashar Gashuwa

Hannun Yuguda, shugaban 'yan banga, yana damƙe da wuyan rigar Ajimi lokacin da suka kutsa shagon Rahima mai buga takardu. A bayansu 'yan acaɓa sun cika titi, wasu da gora, ɗaya da galan ɗin fetur.

Ajimi ɗan kasuwar bandar kifi ne, mutum mai jiki da faɗin fuska, bai taɓa kwana a hannun hukuma ba. Amma tun safe hotonsa ke manne a tasha, da ƙofar masallaci, da jikin duk wata dalbejiya da ke bakin hanya. A ƙasan hoton an rubuta cewa wannan ne ya sari wani ɗan acaɓa a Nguru ya gudu da babur ɗinsa. Wani mai wucewa ne ya ɗauke shi hoto da waya yana tayar da babur ɗin. Wanda aka sara yana asibiti, rai a hannun Allah.

Shi kansa Ajimi da ya ga takardar sai da ya yi salati. Goshinsa ne, hancinsa ne, har girar. Matarsa ta duba sau ɗaya ta fashe da kuka. Ƙanensa Sabitu, siririn saurayin da ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu, ya yi ta roƙonsa ya faɗa motar hatsi zuwa Kumagannam ya tsallaka Nijar kafin ƙura ta lafa. Ajimi ya ƙi. Ya ce in ya gudu ya amsa laifin ke nan. Ana cikin wannan jayayya aka ɓalle masa ƙofa.

Abu ɗaya ya roƙa, yana durƙushe a ƙasa: a kai shi inda aka buga takardar.

"Daga Nguru aka turo min ita," in ji Rahima. "Yadda ta zo na buga."

Ajimi ya ce, "Don girman Allah, 'yar'uwa, sake dubawa. Rabona da Nguru tun babbar salla."

Ta buɗe takardar a kwamfuta, ta ƙura mata ido. Can sai ta ɗora yatsa a kusurwar hoton.

"Baba Yuguda, dubi tayar babur ɗin nan. Ka taɓa ganin taya kamar ƙwai?"

Ta yi musu bayani a gurguje. Da sabuwar manhaja aka haɗa takardar a Nguru, tata kuwa tsohuwa ce. In tsohuwar ta buɗe aikin sabuwar, wani sa'in sai ta baje hoton da ke ciki ta gefe, siriri ya koma ƙato. Sai an turo hoton shi kaɗai, ba a cikin takarda ba, za a ga ainihinsa.

Yuguda ya buga wa ƙungiyar 'yan acaɓan Nguru waya. Aka ce an turo hoton shi kaɗai zuwa wayar Rahima. Sabis ya ƙi. Dutse ya sauka a kan kwanon shagon, wani ya biyo baya. Aka fara ihun a fito da shi. Sabitu ya tokare bakin ƙofa da hannuwansa biyu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Yaya, bar wannan abin," ya ce. "Akwai ƙofar baya. Don Allah mu tafi."

Ajimi bai ko waiwaye shi ba. Warin fetur ya riga ya shigo shagon. Duk addu'ar da ta zo bakinsa yi yake, idonsa a kan wayar Rahima.

"Ya shigo," ta ce.

"Juya musu!" Ajimi ya ɗaga murya. "Juya allon waje, kowa ya gani da idonsa!"

Ya sa hannu ya taya ta juya kwamfutar ta fuskanci titi. Rahima ta tura hoton cikin kwamfutar ta buɗe shi. Tayar ta dawo da'ira. Kumatun suka zube, haɓa ta yi tsini, wuya ya miƙe.

Ihun ya ɗauke ɗif. Yuguda ya saki wuyan rigar a hankali.

Ajimi ya faɗi ya yi sujada, hawaye na zuba. Ya ɗago yana hamdala, ya zagayo gaba don shi ma ya ga azzalumin da ya kusa sa a ƙone shi da rai.

Sabitu ne.