Robar Taya a Cikin Sifirin

Babana bakanike ne a Ƙofar Kaura. Ƙananan motocin da ke ɗauko gero daga ƙauye, bayansu zaunewa yake saboda lodi. Sai Baba ya yanka tsohuwar taya ya cusa robar a cikin sifirin, ƙarfen nan da ke ɗauke nauyin mota, motar ta ɗaga.

Wata la'asar na kai masa abinci, na iske yana son cusa roba, amma hannunsa ya ƙi shiga bayan ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Ban jira ya ce komai ba. Na gyara ɗaurin zanena na shige ƙarƙashin motar. Har yau ina jin warin nan, baƙin mai da roba mai zafi.

Ina cikin tura robar sai ga Baffa Sale, wan Baba, ya dawo daga masallaci.

"Mi nike gani haka? Ɗiya mace kwance ƙarƙashin mota? Ke, fito, don ƙaniyarki!"

Ya kama ƙafata yana ja. Na rungume ƙarfen da hannu biyu.

"Wallahi ban fitowa sai ta shiga!"

Baba bai taɓa musu da wansa ba. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, ni kuwa ina jira in ji ko zai miƙa ni.

Sai ya ce, "Yaya, sakar mata ƙafa. Aiki take."

Sai da na aurar da ɗiya kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma an sha yi mini dariya. Duk wanda ya ja ƙafata, amsar Baba nake ba shi.