Albishir a Saman Turken Lantarki

Mai gyaran lantarkin yana saman turke, hannunsa ya doshi wayar da zai ɗaure, sai abokin aikinsa ya ƙwala masa kira daga ƙasa.

"An bugo daga asibiti! Maiɗakinka ta sauka lafiya, mace ce!"

Daɗi ya cika masa kai, har ya kore abin da ya hau yana maimaitawa a ransa. Layi biyu ne a akwatin bakin titi. Wanne ya kashe, na dama ko na hagu? Ya laluba ƙwaƙwalwarsa, wayam.

"Ɗaure mu tafi mana, angon ƙarni! Ba da hannunka ka kashe ba?"

Zuciyarsa ta riga shi isa asibiti, aikin kuma bai fi ƙiftawar ido ba. Amma ya janye hannun, ya matse shi a hammata.

"Ya shige mini. Sai na sauko na duba."

"Daga haihuwar fari har ka tsufa?"

Ya fara saukowa. A tsakiyar tsani idonsa ya faɗa tagar shagon askin da ke shan wuta daga wannan wayar. Fanka tana ta juyawa abinta.