Gaisuwar Mutuwar Gidado

Tun bayan babban rikicin nan aka hana ambaton ƙabila. Kowa da munduwar hukuma a hannu, kana ambaton ƙabila ta yi ƙara, in ta yi sau uku a zo a tafi da kai. Ta Mala Kyari ta riga ta yi biyu.

Ran sadakar ukun Gidado, amininsa na shekara hamsin, zama ya gagare shi a kan tabarma. Ya gyara hula, ya ja carbi, ya sake gyara hula. Shi Babarbare ne, mamacin Bafulatani, kuma tun suna samari har aka kafa wannan doka ba su taɓa gaisawa ba sai da tsiya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa.

Aka yi masa iso wajen Dudu, matar mamacin, wadda kwana uku ko ɗigon hawaye ba ta yi ba.

"Ya haƙuri?" in ji shi.

"Da godiya, Mala," ta amsa, kanta a ƙasa.

Ya miƙe zai fita, sai ya fasa. Ya juyo.

"Dudu, wa ya ba bawana izinin tafiya? Ka ji Bafulatani, ko sallamar ubangidansa bai yi ba!"

Munduwa ta ɗauki ƙara. Dudu ta tuntsire da dariya, dariyar ta zarce kuka.

A tsakar gida kuwa jikokin Gidado, waɗanda suka tashi cikin dokar ba su taɓa jin wannan wasa ba, suka ɗauka zagin kakansu ake yi. Babbansu ya sunkuya a hankali ya ɗauki sandar kakansa.