Likitan Bango

"Yaya, ke fa kika ce a ƙara masa murya!" in ji Sahura.

Goggo Tabawa ta harari ƙanwar tata, amma gaskiya ce. Shekarar da aka kwashe bencunan asibiti, aka liƙa wa kowane gida allon ganin likita, an tara tsofaffi neman shawara. Goggo ta rantse kunnuwansu sun mutu, alhali ciwon maƙwabta take son jiyowa ta katanga.

Yau ga nata layin ya zo, har mai wainar ƙofar gida ta tsaya da suya.

"Kai ɗan nan, rage murya!" Goggo ta ce wa likitan da ke cikin allon.

"Ba ta raguwa, Mama, haka kuka zaɓa. Tun yaushe kike jiƙa katifa?"

Goggo ta lulluɓe allon da zani, tambayar ta sake fitowa ta cikinsa. Ta fice, ta banko ƙofa.