Mai Siton Iri da Sunan Ɗan Farinta

A wani gari na bakin fadama an yi wata mata mai sito, wadda manoma ke kai wa ajiyar irin shuka. Da kaka sukan kawo mata zaɓaɓɓun buhunan shinkafa da gero da wake, waɗanda ko yunwa ba ta sa a taɓa su, su bar su a hannunta har damina ta sako kai. Da harka ta bunƙasa sai ta koma aiki da manhajar kwamfuta. Kowane ma'aikaci da asusunsa a ciki, amma nata ne kaɗai ke iya ba da umarnin a fitar da kaya. Da zarar umarnin ya bayyana a wayar dattijon da ke kula da sito, zai buɗe ƙofa a loda wa motar da ta zo, babu wata tambaya.

Ranar da aka ce ta zaɓi kalmar sirri, ta daɗe tana kallon kwamfutar, sannan ta rubuta sunan ɗanta na fari. Ita tana cikin matan da suka riƙe kunya irin ta da. Tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, "yaron nan" take cewa, ga shi har ya tara gemu. A ganinta babu kalmar da ta kai wannan ɓuya a duniya, tunda a ƙarƙashin harshenta take kwance, kamar tsakuwa a gindin rijiya. Matar da ta kafa musu manhajar ta nace a ƙara mataki na biyu, wato bayan an shigar da kalmar sirri daidai, sai an turo wasu lambobi zuwa wayar mai asusun, su ma an shigar da su, kafin a samu shiga. Mai sito ta yarda ne kawai don kada ta gwasale baƙuwa. A ranta kuwa cewa take, wa zai tsallake ƙofar farko balle a yi zancen ta biyu?

Wata rana da bazara, bayan azahar, ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gidanta. Iska ta tsaya cak, kurciya na kuka can nesa, barci ya ɗauke ta. Ta ga kanta a cikin siton, amma ya yi tsawo har ba ta hango ƙarshensa. Buhunan na numfashi a hankali kamar shanu a makwanci. Irin da ke ciki ya fara tsiro, koren ganye na leƙowa ta saƙar buhu, ruwan fadama mai ɗumi yana shafar idon sawunta. Can sai ta ji wani na ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali, da ladabi. Ta buɗe ido, ashe wayarta ce ke motsi a gefen matashi. Saƙo ne ya shigo ɗauke da lambobi, ga kuma kira a bayansa.

"Salamu alaikum, Maman Mudassir, barka da hutawa," in ji wata muryar namiji mai laushi. "Daga kamfanin manhaja ne, ɗan gyara muke yi. Wasu lambobi sun shigo wayarki yanzu. Daure ki karanto mini su, kada in hana ki barcinki."

Barcin bai gama sakinta ba, rabin hankalinta na can cikin ruwan fadama. Ta kusanto da wayar, har ta karanta masa lambar farko, sai ta tsaya. Ta tuna lambobin nan ba sa zuwa sai wani ya riga ya shigar da kalmar sirri daidai. Ke nan mutumin nan ya wuce ƙofar farko, yana tsaye a bakin ta biyu. To a ina ya samu kalmar? Sai gaisuwarsa ta dawo mata kunne. Sunan da take ta ɓoyo, da shi duk garin ke kiranta, mai nono da direbobi da matan unguwa. Ita kaɗai ce ba ta faɗarsa.

Ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali. "Bawan Allah," ta ce, "in gyara kuke yi, ku tako ofis da ƙafarku, akwai ruwan sanyi." Kafin ta rufe baki an kashe wayar. Ta kira dattijon sito, ya ce, "Hajiya, ai kuwa akwai wata babbar mota da ta tsaya a tsallaken titi tun ɗazu, direban ya ce umarninki yake jira. Ga ta can ta tashi ko sallama babu."

Da la'asar ta tafi siton da kanta. Ta bi layin buhunan tana dafa su da tafin hannu, tana tuna fuskokin masu su, da gonakin da aka riga aka share ana jiran ruwa. Duk suna nan yadda aka ajiye su. Kafin ta fito ta sauya kalmar da wata wadda ba ta haɗa jini da kowa nata ba, ta kuma sa aka ƙara wa asusun kowane ma'aikaci mataki na biyu.

Abin da mutum ke gani sirrinsa ne, sau da yawa a bakin mutane yake yawo, shi ne dai bai sani ba. Da kalmar nan kaɗai ce ke tsaron siton, da manoman garin sun shiga damina hannu rabbana. Gaskiyar masu iya magana da suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.