Ƙwayayen Fitilar Malam Tanimu

Tun da aka hana rataya agogo a bango, masu ma'aikata ke liƙa wa kowane ma'aikaci ɗan kunne mai raɗa masa lokaci. Malam Tanimu, da furfurarsa da komai, ya wayi gari da ɗan kunne kamar amarya.

Gwiwoyinsa ne suka fara ƙorafin cewa yinin aiki ya ƙara tsawo. Shi kuwa ya ɗora laifin a kan tsufa. Duk da haka ya shekara yana bin 'yan gwangwan, yana tsintar tsofaffin ƙwayayen fitila masu kama da 'yan kwalabe, masu lambobi a ciki, waɗanda ke ci ja kamar garwashi. Tarihinsu kuwa, har barci matarsa Ladidi take yi idan ya fara.

Ranar da ya samo ta ƙarshe, ya haɗa agogonsa, ya saita shi da rana tsaka, daidai lokacin da inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sannan ya koma aiki.

Da ya dawo, ya tarar da Ladidi tsaye gaban jan hasken.

"Malam, kunnenka ƙarfe nawa ya ce?"

"Biyar."

"Kwalabenka sun ce shida ta gota." Ta kifa ƙwarya a kansu, kada maƙwabta su hango. "To, ka sani yanzu. Wa za ka kai wa ƙara?"

Ya zauna a hankali, ya dafa gwiwoyinsa.

"Ku yafe mini," ya ce wa gwiwoyin. "Ashe ku ne masu gaskiya."